Tsiron da Na Tuge a Bayan Ɗakin Kaka

A gidanmu na Fagge akwai wata darbejiya da ta girmi katangar da ke gefenta, don sau biyu ana rushe katangar ana sake ginawa, ita kuwa tana tsaye. Rassanta sun tsallaka waje sun yi wa layi inuwa. Masu kantunan yadi nan suke cin abincin rana, in sun ga zan wuce masallaci sai su ɗago kai su ce, "Baba, Allah ya saka da alheri, kai ka dasa mana wannan." Nakan amsa da amin, don ba a ƙin amin. A raina kuwa cewa nake ku dai ku ci shinkafarku. A cikinsu babu wanda ya taɓa tambayata abin da ke wurin kafin in dasa ta, ni kuma ban taɓa faɗa ba sai yau.

Shekaru kaɗan kafin Turawa su tattara su tafi, ina saurayi ɗan ashirin da 'yan kai, na samu aiki a wani lambu da ake renon dashen itatuwa a bayan gari. Iyakar karatuna aji huɗu na elementare. Aikin kuma bai wuce in rubuta sunan kowane dashe a jikin ɗan katako in soke a gindinsa ba. Amma da ka gan ni da safe na fito daga zaure, da gajeren wandon kaki, da fensir a bayan kunne, ina tura keke ina jinkirin hawa sai na tabbata maƙwabta sun gani, sai ka rantse ni ke raba ruwan sama a lardin Kano.

Abin da ya ƙarasa lalata ni wani ɗan littafi ne da Baturen lambun ya ba ni. Kowane shafi itace ɗaya, da zanen ganye ɗaya, da sunansa a ƙasa. Na haddace shi tas. Tsamiya, ƙananan ganye a jere kamar haƙoran mataji. Mangwaro, dogo mai tsini. Kuka, yatsu biyar a buɗe kamar tafin hannu. Da wannan nake yi wa leburorin lambun gyara, dattawan ƙauye waɗanda tun suna rarrafe suke cikin itatuwa. In na fara bayani sai su dubi ƙasa. Ni a wautata na ɗauka girmamawa ce. A lambun darbejiya da mangwaro da lemo muke reno. Ba a renon kuka, wa zai ɓata ruwa a kan abin da ke fitowa da kansa a daji? Saboda haka kuka iri biyu kawai na sani, ƙatuwar da ke tsaye a bakin hanya, da garin da ake kaɗawa a miya.

Kakata ta wajen uwa a gidanmu take zaune. Mutuniyar ƙasar Barno ce, da tsage a kumatu. An kawo ta Kano tana amarya tare da mijinta mai fataucin kanwa, ba ta sake komawa ba. Sunan mijin nata aka sa mini, don haka ba ta kama sunana, sai dai "mijina", in ta so tsokana kuma "mijina mai guntun wando". Turaren wuta take haɗawa tana sayarwa. Fiye da shekara hamsin tana Kano, ta saba da komai ban da kukar Kano. Duk ranar da aka yi miyar kuka sai ta yi loma biyu ta yamutse fuska.

"Wannan ai ƙaiƙayi kuka kaɗa," in ji ta. "Ganye gashi-gashi, ga bauri. Ku mutanen nan ba ku san miya ba."

Daga nan sai labarin wata kuka da ke bayan gidan ubanta. Wai ganyenta sumul yake, babu gashi ko kaɗan, ɗanye ma kana iya tsinka ka tauna, kuma mata daga wasu ƙauyuka suke takowa roƙonsa. Mun ji labarin nan har mun gaji. In ta juya baya sai mu kwaikwayi muryarta mu yi dariya.

Wata shekara da bazara ɗan ƙaninta, mai kawo busasshen kifi Kano, ya sauka gidanmu. Ya ce rijiyar ƙauyen su Kaka ta ƙafe, mutane sun tashi, kukar kuma ta zube bayan ɗaukewar ruwa, babu iska babu tsawa, an dai wayi gari an gan ta a ƙasa. Ya ciro ɗan kuka guda daga jakarsa, wanda ya tsinta a gindinta, ɓera ya riga ya ci gefe ɗaya. Kaka ta fasa shi a kan faifai ta tsince ƙwallayen. Bakwai ne masu lafiya. Ta ƙulle su a bakin zanenta, ta ce duk abin da ya rage mata na gidan ubanta a duniya ke nan.

Da ruwa ya sauka ta shuka uku a bayan ɗakinta. Kwana ashirin, shiru. Ta tona, ta tarar biyu sun ruɓe, ɗaya ma ba ta gan shi ba. Saura huɗu.

A nan ne na fara ƙullatarta. Ga ni ma'aikacin lambu, gida ɗaya da ita, ƙofata tana kallon tata, amma ba ta tambaye ni ba. Ta yafa mayafi ta taka har Sabon Gari wurin wani kafinta ɗan ƙabilar Ibo, wanda matarsa ke sayen turare a hannunta. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya yi shekara talatin a Kano, tsakar gidansa cike da gwangwanayen madara da garewanin kananzir, kowanne da abin da ya shuka a ciki. Ban ɗauke shi a bakin komai ba. Mutum babu littafi, babu kaki, yana shuka a abin da mutane suka yar a juji.

Ta bar masa ƙwallayen huɗu. Bayan mako biyar ta koma, ta dawo da garwa a ka. Cikin huɗun, ɗaya ne ya tsiro. Ta dasa shi a bayan ɗakinta, daidai inda take alwala, don ruwan ya riƙa gangara masa, ta kewaye shi da ƙaya saboda akuyar gidan. Da safe sai ka ji ta tana gaishe shi da Barbarci kamar baƙon da ya kwana.

Mahaifiyata da matar baffana suka tayar da hankali. Kuka a cikin gida, mazaunin iskoki, ga yara suna wasa a wurin? Mahaifina dillalin yadi ne a kasuwar Kwari, ba ya son hayaniya, kuma ba zai iya ɗaga ido ya musa wa surukarsa ba. Sai ya kira ni ya ce, "Kai ne na itace. Je ka duba. In kuka ce, mu san yadda za a lallashe ta a fitar da abin bayan gari."

Ranar da nake jira ke nan. Bayan la'asar na ɗauko littafina na zagaya bayan ɗakin, mutanen gida suka biyo ni. Na tsuguna. Tsiron bai kai tsawon kamu biyu ba. Ganyensa ɗai-ɗai ne, kowanne guda a jikin kara, ɗan faffaɗa mai tsini, babu yatsu, babu alamar yatsu. Na dubi shafi, na dubi tsiro. Wallahi daɗi ne ya kama ni, irin daɗin da mutum ke ji in ya ga wanda ya raina shi ya yi tuntuɓe.

Na ce, "Kaka, an cuce ki."

Tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno tana dakan turare. Ba ta ɗago ba ta ce, "Wa ya cuce ni, mijina? Kai da ka aure ni ba ka taɓa ɗinka mini ko ɗankwali ba?"

"Mai gwangwanayen nan. Wannan ba kuka ba ce."

"To mece ce, malamin fensir?"

"Wani banzan tsiro ne na juji. Naki huɗun duk sun mutu, ya ji kunya ya dasa miki wannan. Kuka yatsu biyar gare ta, ga shi nan a rubuce."

Ta ajiye taɓarya ta dube ni. "Jariri ne, bai buɗe hannu ba tukuna. Kai da aka haife ka, da haƙora talatin ka fito? Ni na wanke ka, dadashi ne kawai da ihu."

Aka yi dariya, dariyar ta ƙona ni. Na miƙe na bi kowa da littafin ina nuna masa shafin. Mahaifiyata ta duba, matar baffana ta duba, ita a juye ma ta riƙe shi, duk suka gyaɗa kai. Gidan 'yan yadi ne, kaf cikinmu babu wanda ya taɓa riƙe fartanya. Mutanen da za su shafa atamfa da ido rufe su faɗa maka ƙasar da aka saƙa ta, amma ba su san abin da ke fitowa daga ƙasar da suke takawa ba. Zane suka gani a takarda, suka yarda, don abin da suke so su ji ke nan. Mahaifiyata ta ce alhamdu lillahi, tunda ba kuka ba ce. Mahaifina ya ce shi ke nan, a bar wa tsohuwa abin wasanta.

Ka ga, magana ta mutu a nan. Babu wanda ya ce in taɓa komai. Wannan nake so a riƙe, don shekaru da yawa nakan gaya wa kaina wai don hankalin gida ya kwanta na yi. Ƙarya ne, hankalin gida ya riga ya kwanta. Ni ne nawa bai kwanta ba, don kullum da safe ina jin ta tana gaishe da tsiron, wato ba ta yarda da ni ba.

Wata Juma'a ta tafi kai turare gidan biki a unguwar Kwaciri. Na dawo daga masallaci na ɗauko dashen darbejiya da na kawo daga lambu tun jiya. Na ce a raina, tsohuwa tana son itace, bari in ba ta itace na gaskiya, mai suna, wanda hukuma ta sani. Na janye ƙayar, na kama tsiron na ja. Ya ƙi. Na sa ƙarfi, sai ya fito da wata saiwa kumburarriya, fara, kamar ɗan ƙaramin rogo. Na ɗaga ta ina murmushi ni kaɗai. Wace kuka ce mai saiwar rogo? Ga shaida ta biyu. Na jefa wa akuya a turke, ta cafe tun bai taɓa ƙasa ba. Na dasa darbejiyata a ramin, na mayar da ƙaya fiye da yadda take, na rubuta suna a katako da kyakkyawan rubutu na soke. Sannan na wanke hannu na zauna ina jiran godiya.

Ta dawo gab da magariba. Ko mayafi ba ta cire ba ta zagaya baya, kamar kullum. Na bi ta. Ta tsaya tana kallon darbejiyar, ta daɗe. Na fara bayani, yadda take saurin girma, yadda ba ta jin fari, yadda ganyenta ke maganin zazzaɓi.

Ta ce, "Ina saiwar?"

Na ce, "Akuya."

Ta taka zuwa turken, ta durƙusa da ƙyar tana dafa gwiwa, ta riƙa tona bola da yatsa. Ta sami ɗan ɓawon saiwa kamar farcen babban yatsa. Ta shinshina, ta ƙulle shi a bakin zanenta inda ƙwallayen suka zauna. Ta miƙe ta dube ni. Na shirya wa zagi, na ma shirya amsa.

Ta ce, "Sannu da aiki, Malam."

Ta shige ɗaki. Tun daga ranar na zama Malam. In na gaishe ta, "Lafiya lau, Malam." In na kawo mata goro, "An gode, Malam." Na tsokane ta da duk tsokanar da na sani, na ce amaryata ta yi yaji, na ce zan ƙaro mata ta birni. Ta ce, "Allah ya sa alheri, Malam," kamar tana magana da mai duba gari.

Mako uku ana haka. Ta rage cin abinci, ta daina dakan turare a tsakar gida. Mahaifiyata ta fara hararata, ita da ta yi hamdala. Ni kuwa har lokacin ban ga laifina ba, laifin kafinta nake gani. Na yanke in je in sa shi ya amsa da bakinsa cewa ya yaudare ta, in kawo shi har gida ya faɗa mata.

Da safiyar Asabar na hau keke na tsallaka Sabon Gari. Na bi layukan nan miƙaƙƙu, ƙamshin manja ko'ina, har na sami gidan. Yana ƙofar rumfarsa yana goge katako, dattijo ne gajere mai furfura, da singileti. Hausarsa ta fi ta wasu Kanawan, sai dai harshe.

Ya ce, "A'a, Akawu! Jikan Mama ne ko? Yaya ɗanmu, ya ƙara ganye?"

Na ce, "Ɗanku na cikin akuya. Baba, ba ka ji kunya ba, tsohuwa ta amince da kai ka dasa mata ciyawa?"

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Ka ce me?"

Na maimaita, na buɗe littafi, na nuna masa yatsu biyar. Na ba shi labarin saiwar rogo. Bai katse ni ba. Da na gama ya share hannu a jikin wando ya ce, "Zo."

Ya kai ni bayan rumfa, inda gwangwanayen suke jere a gindin bango. Ya ce shi garinsu babu kuka, da ya zo Kano ya gan ta abin ya ba shi mamaki, shi ya sa yake shuka ta ya ga yadda take yi. Ya nuna mini ƙanana guda biyar a gwangwanin madara. Ya ce waɗannan daga kasuwa ya sayo ƙwallayensu, ya gwada a kansu tukuna, ya goge bayansu da magagari, ya jiƙa su a ruwan ɗumi, sai da ya ga sun tsiro sannan ya taɓa na Mama, don nata ba su da madadi. Na duba. Ganye ɗai-ɗai, faffaɗa mai tsini, babu yatsu. Kamar an kwafo wanda na tuge.

Na ce, "Su ma ai ba kuka ba ne."

"To," in ji shi. "Wannan fa?"

Wata ce a cikin garwa, ta kai mini ƙugu, shekararta uku. Ya sa yatsa a ƙasan kara, ganye guda. Ya hau sama kaɗan, ganye ya rabu biyu. Ya ƙara hawa, yatsu uku. A can kan tsini, yatsu biyar a buɗe, irin na shafina sak. Duk a kara ɗaya. Na zagaya garwar ina neman inda aka haɗa, ko an ɗaure wani reshe a jikin wani. Babu.

Ya tuge ɗaya daga cikin ƙananan, ya karkaɗe ƙasa. Ga saiwa fara, kumburarriya. Ya kankare ta da wuƙa, ya gatsa, ya miƙo mini ragowar. "Ci, Akawu. Yaran ƙauye suna ci. Akuyarka ta fi ka sanin daɗi."

Ban karɓa ba. Ya ce in ba shi littafin. Ya juya shafi biyu uku, ya yaba zanen, ya mayar mini. "Littafin bai yi ƙarya ba. Mai zanen uban ya gani, bai ga ɗan ba. Kai kuma ba ka ga uban ba, ba ka ga ɗan ba, takarda ka gani." Sannan ya ce, "Ba ka bar ko ɗan tsinke ba? Da a ranar ka kawo mini kan, da na gwada aura shi, in haɗa shi a jikin wannan, yadda nake aurar mangwaro. Wataƙila ya kama."

Na ce mako uku ke nan.

Ya ce wani abu da yarensu, ya koma kan katakonsa.

Mai hankali a nan zai sunkuyar da kai. Ni a'a. Cikin ɗan lokacin da na tsaya a wurin har na sami wata mafita. Na ce, "To, na ji, kuka ce. Ai kuka kuka ce. Ba ni ɗaya in kai mata."

Bai ko waiwayo ba ya ce, "Ɗauki duk wadda kake so."

Na zaɓi mafi kyau cikin ƙananan, na ɗaure gwangwanin a bayan keke, na dawo Fagge ina jin kamar raƙumi na sayo mata. Na tarar da ita a bakin ƙofarta. Na durƙusa na ajiye a gabanta, na ce, "Kaka, ashe da gaskiyarki. Ga wata na kawo miki. Ki yi haƙuri." Na faɗe shi yadda ake faɗa wa wanda aka taka wa ƙafa a kasuwa.

Ta miƙa hannu ta kama ganye ɗaya tsakanin yatsu biyu, ta murza a hankali. Ta tsinke shi ta shafa a leɓenta. Ta tauna gefe ta tofar.

"Kukar Kano," in ji ta. "Ka ji gashi. Nawa tun yana ganye biyu sumul yake kamar tafin jariri. Ba ka taɓa shi ba ne, Malam?"

Ban taɓa shi ba. Na tsuguna a gabansa da littafi, na ƙirga yatsu, na kama karansa na tuge, amma ko sau ɗaya ban shafa ganyen na ji ba. Ashe ita kanta kukar iri-iri ce, akwai mai gashi, akwai sumul, akwai mai bauri, akwai mai zaƙi, matan ƙauye sun san kowace da gindinta, suna wuce goma su je ga guda. Shafina ɗaya ne, ganye ɗaya.

Ta ture gwangwanin da bayan hannu. "Mayar masa. Ko ka ba akuyarka, ta saba."

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Allah ya yafe mana gaba ɗaya." Wanda ya san tsofaffi ya san bambancin wannan da "na yafe".

Na mayar wa kafinta gwangwaninsa. Ina ganin tausayina ya ji, don ya ce mini ɗan da aka shuka daga ƙwallo ba kullum yake biyo uwa ba, wataƙila da ya girma ya canja. Na rungumi maganar nan na yi shekaru ina fakewa da ita, ina cewa wa ya sani, ƙila da ya girma ya yi gashi. Ka ji rashin kunya. Mutum ya kashe abu, sannan ya zauna yana zargin abin da laifin da bai rayu ya aikata ba.

Ranar Litinin a lambu na kira wani dattijo cikin leburori, wanda na fi yi wa gyara, na tambaye shi ko ya san ƙaramar kuka ba ta da yatsu.

Ya ce, "Kowa ai ya sani, Malam. Babbar ma in za ta yi toho da bazara, da guda-guda take farawa."

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?"

"Ba ka tambaya ba. Kuma kai ke da littafi."

Da bazara ta zagayo na tsaya a gindin wata ƙatuwar kuka ta wajen Kwaciri, wadda kullum nake wucewa a keke. Na ja reshe na duba sabon toho. Guda, uku, biyar, a reshe ɗaya. Shekara biyu ina wuce ta safe da yamma da fensir a kunne.

Ɗan ƙanin Kaka ya dawo da kifinsa a wannan shekarar. Na keɓe shi na roƙe shi ya koma kufan ya duba, ko akwai wani ɗan kukar da ya rage, ko wani tsiro a gindin. Ya je, Allah ya saka masa. Ya ce gangar jikin ta ruɓe ta zama kamar tarin tsohuwar igiya, makiyaya sun yi zango a wurin, ko ɗanyen ganye babu.

Kaka ta canja wurin alwala. Ta koma ɗaya gefen ɗakin, inda ruwan ke bin kwata ya fita waje, don kada ɗigo ɗaya ya je wa darbejiyata. Ita kuwa darbejiya ba ta damu ba, irinta ba sa damuwa. Cikin damina biyu ta wuce rufin ɗaki. Maƙwabta suka fara shigowa tsinkar ganye suna yaba mini. Kowane yabo sai in ji kamar an watsa mini toka.

Wata safiya na ari gatari na zagaya bayan ɗakin. Na ce in sare ta kowa ya huta, ko tsohuwa ta ga na san abin da na yi. Na ɗaga ke nan sai na ji muryarta ta taga.

"Malam, me za ka yi?"

"Sare ta zan yi, Kaka."

"Ita me ta yi maka? Ita ta dasa kanta?"

Na tsaya da gatari a sama.

"Ajiye. Hannun nan naka ya isa haka. Ka tuge ɗaya don a ce ka sani, yanzu za ka sare ɗaya don a ce ka tuba. Bar ta nan, ka riƙa ganinta."

Na ajiye. Kaka ta yi damina ɗaya bayan wannan. A ciwonta na ƙarshe abinci ya ƙi shiga, mahaifiyata ta tambaye ta me take marmari, ta ce miyar kuka. Na hau keke na zagaya ƙauyuka uku ina shafa ganye a leɓe kamar mahaukaci, mata suna yi mini dariya, har na sami mai dama-dama. Aka shanya, aka daka, aka kaɗa. Ta ɗanɗana a bakin ludayi, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Ta dube ni ina tsugune a bakin ƙofa.

"Ka sha wahala, Malam," in ji ta. Ta kau da kai daga ludayin.

Bayan kwana huɗu ta rasu. Da mata suka zo wanka suka kwance bakin zanenta, suka sami ɗan busasshen ɓawo, suka tambayi mahaifiyata ko laya ce. Ta ce a kawo mini. Yana cikin littafin, a shafin kuka, har yanzu.

Sau biyu magina suna cewa saiwar darbejiyar ce ke fasa katanga, a sare ta. 'Ya'yana ma sun ce a sare a fitar da shago. Na ce a rushe katangar a sake, itacen ba a taɓa shi. Suna ɗauka ƙauna ce. An ce in bar ta in riƙa ganinta, ina kuma ganinta, sau biyar a rana, duk lokacin da zan fita masallaci.